Kwamfutar Wasa A Cikin Gida: Abin Da Muka Gani A Bomo

Iyaye da yawa a Bomo da Samaru sun san wannan roƙo. Yaro ya gama sakandare, ko ya shiga jami'a, sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so a saya mini kwamfuta." Uban ya yi murna, gama yana tsammani zancen karatu ne kaɗai. Da aka ɗan ja magana sai gaskiya ta fito: kwamfutar da yaron ke so ita ce wadda za ta iya ɗaukar gem, watau wasannin nan da ake yi a kan allo. Nan take fuskar uba ta canja. Wani yakan ce a'a, ya rufe maganar. Wani kuwa yakan ciro kuɗin da aka ajiye domin taki ko domin makarantar ƙanne, ya bayar, don kada a ce ya kasa.

A ganinmu duka biyun akwai gyara. Yaron da aka hana a gida zai nemi wasan a waje, inda ba idon kowa. Wanda aka ba kuɗi ba tambaya kuwa zai sayo abin da ya fi ƙarfin gidan, ya kulle kansa da shi a ɗaki. Saboda haka muka ga ya kamata mu gwada hanya ta uku, mu kawo muku labari. Mun haɗa kai da wani gida na abokan arziki a Bomo, muka harhaɗa kwamfuta madaidaiciya da hannunmu, muka ajiye ta a falo, sa'an nan muka gwada wani wasa wanda mutum ɗaya ba ya iya yinsa shi kaɗai.

Maƙwabtan Jami'a

Bomo gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, yana maƙwabtaka da harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru, wadda aka buɗe a 1962. Ɗan manomi da ɗan malamin jami'a suna haɗuwa a kasuwar Samaru, suna hawa babur ɗaya, abin da ɗaya ya gani kuwa ɗayan ma zai so. A cikin jami'ar akwai cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A zamaninsa kwamfuta abu ce mai cika ɗaki, sai ƙwararru ke zuwa kusa da ita. Yau ta zama kayan makaranta kamar alƙalami. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, har yaron da bai saba da ita ba yakan shiga ɗakin jarrabawa da fargaba biyu.

Amma yawancin samarinmu ba a aji suka fara taɓa irin waɗannan injuna ba. A gidan gem suka fara. Ɗan shago ne da benci, da talabijin biyu ko uku, da PlayStation, da janareta a bakin ƙofa. Wasan da ya fi tashe shi ne na ƙwallon ƙafa, wanda aka sani da FIFA kafin masu shi su canja masa suna a 2023. Mutum biyu su kara, wanda aka ci ya biya ya tashi. Wasan kansa ba shi da laifi, masu shagon ma neman abincinsu suke yi. Sai dai inda ake cin juna ana ihu, wani lokaci kuɗi yakan shiga tsakani, daga naira ɗari a kai ga kuɗin littafi. Ta nan caca ke samun ƙofa.

Wasan Kara Da Wasan Gayya

Ba dukan gem ne na karawa ba. Akwai waɗanda 'yan wasa ke gefe ɗaya, su ci tare ko su fāɗi tare. Mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A dara da dambe mutum da abokin karawarsa ne. A langa kuwa, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, 'yan ƙungiya suna tare wa nasu da ake kira ruwa hanya har ya isa. In ruwa ya fāɗi, ƙarfin sauran ya zama banza. Haka kuma gayya a gona. Shi ya sa muka kira irin wannan gem wasan gayya.

Iyayen da suka yi ƙuruciya a shekarun 1990 za su tuna da Contra, wanda ya fito a 1987, inda sojoji biyu ke tafiya tare a allo ɗaya. A 2016 aka fitar da Overcooked, inda har mutum huɗu ke girki a ɗakin dahuwa ɗaya, wani na yanka albasa, wani na wanke kwano. Wanda muka zaɓa mu gwada shi ne It Takes Two, ma'anarsa sai da mutum biyu. Kafin mu zo kansa, bari mu fara da injin.

Abubuwan Da Ke Cikin Akwati

Kada kalmomin su tsorata mai karatu. Kayan cikin kwamfutar tebur bakwai ne, kowanne da aikinsa.

Na farko firosesa, ɗan ƙaramin abu mai faɗin akwatin ashana, shi ke yin lissafi duka. Kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwarsa, Intel da AMD. Na biyu madabod, babban faifan da kowane abu ke zama a kansa. Na uku ram, wanda yake kamar ƙwaryar da uwargida ke ɗebo hatsin tuwon yau: in ƙwaryar ƙarama ce, sai ta yi ta zirga-zirga zuwa rumbu. Na huɗu shi ne rumbun kansa, watau ma'ajiya, wadda ta fi sauri a cikinsu ita ce irin da ake kira SSD. Na biyar katin hoto, mai zana duk abin da ido ke gani a allo, shi ne kuwa ya fi tsada a kwamfutar wasa. Na shida fawa, akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba ta daidai bukatar kowane sashi. Na bakwai akwatin da ke rufe su duka, da fankokinsa.

Abin lura shi ne ba kowane ne ke shiga da kowane ba. Firosesar Intel ba ta hawa madabod na AMD. Ram ma iri-iri ne, akwai DDR3 da DDR4 da DDR5, kowanne da inda aka tsaga bakinsa, ba ya shiga ramin ɗan'uwansa. Saboda haka kafin a fita kasuwa sai a zauna da takarda a rubuta kayan duka, a kai wa wanda ya sani ya duba.

Sa'an nan a tambayi wasan da ake so abin da yake bukata. Masu It Takes Two sun rubuta cewa mafi ƙarancin abin da zai ɗauke shi shi ne ram giga 8, da wuri giga 50 a ma'ajiya, da katin hoto irin GTX 660, wanda ya fito tun 2012. Kun ga ashe ba sai injin 'yan gayu ba. Yaro zai iya kawo muku sunan RTX 4090, wanda shi kaɗai ke shan wuta wat 450. A gidan da ake lissafin man janareta, wannan sayen doki ne ba a tanadi harawa ba.

Ga abin da muka tsayar: firosesa Ryzen 5 5600G ta AMD, wadda ta fito a 2021, mai shan wat 65, tana kuma da nata ɗan katin hoto a ciki, madabod B450, ram DDR4 giga 16, sanda biyu, SSD giga 512, da fawa mai wat 500. Daga baya muka ƙara katin hoto GTX 1650 na tokumbo, wanda ba ya wuce wat 75. Allon kuwa talabijin ɗin falo ne.

Cefane

A Zariya wurin da aka fi zuwa neman irin waɗannan kaya shi ne wajen PZ a Sabon Gari. Abin da ba a samu a nan ba akan aika Kano, Titin Beirut, ko Ikeja a Legas, inda babbar kasuwar kwamfuta take. Ba za mu rubuta farashi ba, gama kafin wannan takarda ta iso hannunku ya canja. Kayan duka daga waje suke zuwa, dala suke bi, tun watan Yuni 2023 kuwa da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kome na waje ya yi tashin gwauron zabo.

Yawancin gidajenmu tokumbo za su saya, ba kuwa abin kunya ba ne. Amma kada a yi cinikin biri a sama. A sa mai shago ya kunna kayan a gabanku, ya bar shi yana aiki na ɗan lokaci, a ji ko fanka na kuka, a karɓi rasit, a kuma yi magana a fili kan kwana nawa za a iya mayarwa. Mu ma sanda ɗaya ta ram da wani mai shago ya sayar mana ta ƙi aiki. Da yake akwai rasit da alkawarin mako ɗaya, ya canja ba gardama. A kula da katin hoto musamman. Tun watan Satumba 2022, da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da irin waɗannan katuna, waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya.

Abu ɗaya da muke roƙo a saya sabo, mai suna, shi ne fawa. Araha ba ta ado. Fawa ta banza in ta ƙone takan tafi da maƙwabtanta.

Akwai kuma gajeriyar hanya ga wanda kuɗinsa bai kai ba: a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP, a ƙara mata ram da ƙaramin katin hoto. Sai dai a duba shekarunta. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida sai firosesar Intel ta tsara ta 8 zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD.

Ranar Haɗawa

Ran Asabar da safe muka shimfiɗa kayan a kan tebur. Ɗan gidan mai shekara 17 da ƙanwarsa mai shekara 13 su ne ma'aikata. Maigida ya riƙe tocila, uwargida ta tsare ƙananan sukurori a cikin faranti don kada ɗaya ya ɓace. Kayan aiki kuwa sukudireba ɗaya ne tak mai bakin kuros.

Dokar farko, kada a taɓa kome alhali waya na jikin bango. Ta biyu, kowa ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki wani abu. Kun san yadda a lokacin hunturu mutum kan taɓa ƙofar mota ya ji ta ɗan ja shi. Wannan 'yar wutar da ke taruwa a jiki saboda bushewar iska ta isa ta lalata ram ko madabod.

Aka fara da firosesa. A kusurwarta ɗaya akwai ɗan alama mai kusurwa uku, a kan madabod ma akwai irinsa. In an daidaita su sai ta zauna da kanta. In ta ƙi, ba a dannawa, gama ƙafafunta sirara ne kamar gashi, in sun lanƙwashe an yi hasara. Bayan haka aka ɗora fankarta. Sabuwar fanka takan zo da man da ke ɗauke zafi a shafe a gindinta. In tsohuwa ce, sai a goge, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ram kuwa ana danna shi da yatsa biyu har a ji ya ce ƙas. Sa'an nan aka ɗaure madabod a akwati bisa 'yan ƙafafunsa na ƙarfe, aka sa fawa, aka jona babbar waya mai baki 24 da ƙaramar mai baki 8.

Wurin da ya fi cin rai shi ne ƙananan wayoyin maɓallin kunnawa. Hannun yayan ya yi girma, idon uban bai gani sosai ba. Yarinyar ce ta karanta ɗan littafin madabod ta jona su ɗaya bayan ɗaya. Da aka danna maɓalli fanka ta juya, rubutu ya bayyana a talabijin, sai ta dubi wanta ta ce, "Yaya, ka ga amfanin ƙaramin hannu." Aikin duka bai wuce awa uku ba.

Gargaɗi biyu. Wasu madabod B450 na farko ba sa gane Ryzen 5600G sai an sabunta musu abin da ake kira bayos, saboda haka a sa mai shago ya gwada su tare tun a can. Fawa kuma ba a buɗe cikinta ko kusa, gama tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire ta daga bango.

Wuta, Ƙura Da Zafi

Masu ƙera waɗannan kaya ba su yi su da tunanin Bomo ba. Maƙiyansu uku ne a nan. Na farko wutar da ke zuwa ta ɗauke, ko ta zo da rauni, ko da ƙarfi fiye da kima. Lalle a sa sitabilaiza, in da hali a ƙara da ɗan akwatin batir da ake kira UPS, wanda zai riƙe injin 'yan mintoci a kashe shi a hankali. Ƙaramin janareta ma wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, kada a jona kwamfuta kai tsaye. In hadari ya taso da tsawa, a cire waya daga bango.

Na biyu ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Takan toshe fanka, injin ya yi zafi ya rage sauri. A ɗora akwatin a kan tebur, a rufe shi da zane in an kashe, a buɗe gefensa wata-wata a hure ƙurar. Na uku zafin bazara, Maris da Afrilu. A bar masa sarari ta baya ya sha iska, a kuma guji wasa da tsakar rana.

Ga lissafin wuta. Injin irin namu yana shan wajen wat 200 in ana wasa. Awa uku ke nan bai kai yunit ɗaya ba. Babban injin 'yan gayu zai ninka wannan sau uku. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, aka kuma ɗaga yunit ɗaya ga masu rukunin A zuwa naira 225 a watan Afrilu 2024 kafin a ɗan rage, wannan lissafi ya zama na kowane maigida. Kada kuma a manta da data: sauko da wasa mai giga kusan 50 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Za a sami masu cewa a kawo su zuba muku kwafin sata da araha. Ba mu goyi bayan wannan ba. Haƙƙin masu shi ne, sau da yawa kuma yakan zo da cutar da ke lalata injin.

Wasan Da Muka Gwada

Wani ƙaramin kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Hazelight ne ya yi It Takes Two, ya fito a watan Maris 2021, ya kuma ci kyautar gwarzon wasa na wannan shekara. Shugaban kamfanin, Josef Fares, haifaffen Beirut ne ta ƙasar Labanan, iyayensa suka yi ƙaura da shi yana yaro. Zuwa 2024 an sayar da kwafi fiye da miliyan 20.

Labarin na wani miji ne, Cody, da matarsa May, waɗanda suka yanke shawara su rabu. Ita injiniya ce mai yini a wurin aiki, shi kuwa yana gida, kowa na ganin ɗayan bai san wahalarsa ba. 'Yarsu Rose ta ji, ta tafi da 'yan tsana biyu da ta yi da siffarsu, ta yi kuka a kansu. Sai iyayen suka farka a jikin 'yan tsanan, shi na yumɓu, ita ta itace, ƙanana kamar ɗan yatsa a cikin gidansu. Wani littafi mai magana, Dokta Hakim, ya ce ba za su koma yadda suke ba sai sun gyara tsakaninsu.

Allon a rabe yake biyu, kowa da gefensa da hannun wasansa, wanda samari ke kira fad. Abin da ya fara ba mu sha'awa shi ne ba a ba mutum biyun kayan aiki iri ɗaya ba. A babi na farko May ta sami kan guduma, Cody ya sami ƙusoshi. Shi zai jefa ƙusa ta kafe a bango, ita ta maƙala gudumarta ta yi lilo ta haye, sa'an nan ta buga wani abu ya buɗe masa hanya. A babi na biyu, cikin bishiya inda kurege da zanzaro ke yaƙi, shi yana fesa ƙaro, ita tana harba ashana ta kunna. Ƙaro ba wuta ba ya kome, ashana ba ƙaro ma haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaran sun kama cikin mintoci. Abin kallo shi ne da aka miƙa wa iyaye. Maigida ya fāɗa rami sau da yawa, gida ya cika da dariya. Amma wasan ba ya horo mai tsanani: wanda ya fāɗi nan da nan yakan dawo kusa da inda ya tsaya. Can sai muka ji uwargida na cewa, "Maigida, ka jira ni mana, sai na ce yanzu sa'an nan ka jefa." Shi kuma ya ce, "To, ƙirga mini." Suka ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka haye. Saurayin, wanda ya saba cin abokansa a gidan gem, ya tarar gwanintarsa ba ta kai shi ko'ina in ya bar ƙanwarsa a baya. Dole ya tsaya, ya yi bayani, ya yi haƙuri. A maraice uku mun kai ƙarshen babi na uku cikin bakwai, ba wanda ya yi wasa shi kaɗai ko minti ɗaya, gama wasan bai yarda da haka ba.

Abin Da Bai Gamshe Mu Ba

Dole mu faɗa wa iyaye sauran gaskiyar. Na ɗaya, wannan ba wasan ƙananan yara ba ne, ko da yake hotunansa kamar na yara suke. A Turai an sa masa alamar shekara 12 zuwa sama. Miji da mata suna yi wa juna baƙar magana, akwai 'yan kalmomi marasa daɗi, duka kuwa da Turanci ne, ba Hausa.

Na biyu, a ƙarshen babi na uku iyayen suka ɗauka cewa hawayen 'yarsu ne zai warware abin da ya same su. Saboda haka suka kama 'yar giwar wasa da ta fi ƙauna, tana roƙonsu, suka yage mata kunne da ƙafa, suka jefar da ita, don yarinyar ta yi kuka. Falon ya yi tsit. 'Yar gidan ta ajiye fad ta ce, "Mama, don me za su yi mata haka?" Uwar ta amsa cewa haka manya kan yi in faɗansu ya rufe musu ido, yara ne ke biya. Maganar ta kai su har bayan tuwon dare. Da yarinyar ita kaɗai ce a ɗaki, da ba wanda zai amsa mata.

Na uku, labarin tatsuniya ne mai siddabaru a ciki, Dokta Hakim kuwa mai surutu ne da rawar jiki. A gidan masu bi ya kamata a gaya wa yara a fili cewa aure alkawari ne a gaban Allah, in kuwa ya yi rauni, tuba da gafara da shawarar dattawan ikilisiya ne ke gyara shi. Wasa ba zai yi wannan aiki ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya zaunar da mutum biyu a kujera ɗaya, ya sa su saurari juna na awa guda.

Shawara Ga Iyaye

In ɗanku ya kawo wannan roƙo, ga abin da muke ba da shawara.

A fara da lissafi a gabansa: kuɗin kaya, da na wuta, da na data. Kuɗin makaranta da na gona ba a taɓa su. In bai kai ba bana, a tara a hankali, shi ma ya kawo nasa daga aikin hutu. Daidai ruwa daidai tsaki.

A haɗa injin tare, mata da maza. Yaron da ya ɗaura madabod da hannunsa ya koyi abin da zai iya zama sana'a, ba zai kuma yi wasa da kayan ba.

A ajiye ta a falo, allon yana duban kowa. Ta gida ce, ba ta mutum ɗaya ba. Aikin makaranta da koyon buga rubutu su riga wasa, a kuma tsai da lokaci tun ran farko: bayan aikin gida, ban da lokacin addu'ar iyali da na sujada, ban da tsakar dare.

A sayi fad biyu, a zaɓi wasan gayya, uba da uwa kuma su karɓi nasu juyi ko da za a yi musu dariya. Kafin a kawo sabon wasa, a duba alamar shekarun da ke jikinsa.

A kuma sa ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamunta uku ne: mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, har abin ya kai wajen shekara guda. Kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan, amma iyaye ba sa bukatar jiran shekara. In barci ya ragu, sakamakon makaranta ya sauka, yaro ya fara ƙarya a kan kuɗi, sai a kashe injin a zauna a yi magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu karatu da suka gwada wannan a gidajensu, ko waɗanda suke da wata dabara ta kare kwamfuta daga ƙura da rashin wuta, muna marmarin jin labarinku domin amfanin sauran iyalai.